Ruwan Hawan Kibo da Na Yi Shekara Talatin Ina Ƙarya da Shi

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu, 'yan'uwa. Salamarsa ta zauna a gidajenku.

Sunana Yakubu, amma daga Gyaɗi-Gyaɗi har nan Tarauni da Baba Direba aka san ni. Shekara talatin na yi ina jan babbar mota, ina ɗauko doya daga wajen Lafiya in kawo Kano. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da yadda maganar za ta fito.

Ta Hawan Kibo hanyata take bi. Duk direban da ya san wurin ya san dokarsa: ka sa mota a giya ɗaya, idonka a kan kwalta, ba waiwaye, ba tsayawa. Ni inda nake tsayawa a gindin hawan ne, wata rumfar burkutu. In ce ƙwarya ɗaya zan sha in samu zuciyar hawa. Ɗaya ta koma uku, uku ta koma kwana. In na iso gida a makare matata Saratu ta tambaye ni, sai in ce, "Kallon ruwa na tsaya. Da damina ai ba a wuce Hawan Kibo haka kawai. Duwatsu kore shar, ruwa na zubowa fari fat kamar auduga. Wata rana zan kai ki."

'Yan'uwa, ban taɓa ganin ruwan nan ba! A bakin abokan sha na ji labarinsa.

Shekara tara ke nan da Ubangiji ya raba ni da giya, wasunku sun ji wannan shaidar. Amma ƙaryar tana nan inda na ajiye ta. Na tuba ga Allah, matata kuwa na bar ta da labarin auduga.

Bara likitan ido ya ce Saratu tana da hawan jinin ido, kuma mun makara. Ganin da ya tafi ba zai dawo ba, magani sai dai ya tsare ɗan abin da ya rage. Muna cikin adaidaita sahu za mu gida ta ce, "Baban Rifkatu, wata ranar nan taka har yanzu ba ta zo ba?"

Maganar ta hana ni sakat. Da damina ta kankama, cikin Agusta, na ce mu tafi kafin idon ya rufe gaba ɗaya.

'Yarmu Rifkatu, malamar makaranta, ita ta ɗauke mu a motarta. Ta hana ni sitiyari ƙiri-ƙiri.

"Baba, lasisinka ya mutu tun ina amarya."

"Ke, sauke giya, ga gangara!"

"Baba, wannan da kanta take canzawa. Ka yi barci mana."

Haka na ƙunshi takaici tun daga Kano har Bukuru, inda muka sauka gidan ƙanwar Saratu. Kwana uku kawai muke da su, don ranar Alhamis Saratu za ta koma wajen likita.

Ranar farko ruwa kamar da bakin ƙwarya, ko ƙofa ba mu leƙa ba. Rana ta biyu muka fita, muka tarar wata tirela ta faɗi ta tare hanya. Awa huɗu muna zaune, muka juyo. Na yi wa Rifkatu faɗa, na yi wa mai tirelar da ban sani ba faɗa, har abincin da aka ba ni na ce gishiri ya yi yawa.

Rana ta uku muka isa kan hawan. Sai ga gajimare ya sauko ya kwanta a kan hanya. Fari fat, ko gaban mota ba ka gani sosai. Ba dutse, ba kwari, ba komai! Rifkatu ta samu fili a gefe ta tsaya kusa da wata mata mai gasa masara a ƙarƙashin laima.

"Baba, ta wane ɓangare ruwan yake? Mu tsayar da Mama saitinsa ko zai washe."

Na ɗaga hannu na nuna dama da ƙarfin hali. Mai masara ta dube ni ta yi dariya.

"A'a Baba, can ai rami ne kawai. Ruwan yana ƙasa, sai kun gangara kun ratse. Baƙo ne kai a hanyar nan ko?"

Baƙo! Ni da na hau wurin nan ya fi a ƙirga. Rifkatu ta kalle ni, ta sunkuyar da kai.

Kunya ta koma mini fushi. Na fito na shuri tayar mota, na matsa gefe cikin yayyafi, na ɗaga murya na ce, "Ya Ubangiji, me na yi maka? Sau ɗaya na tashi cika alkawari, ka rufe wurin? Ɗan wannan gajimaren ya gagare ka?"

Ban ji wata murya daga sama ba. Abin da ya zo zuciyata shi ne, ina roƙon a buɗe mini dutse, ni kuwa na rufe bakina shekara talatin. Na durƙusa cikin taɓo. Na ce, "Yesu, ka gafarta mini. Ka ba ni ƙarfin faɗa mata."

Na koma na buɗe ƙofar motar, na faɗa wa Saratu komai a gaban 'yarmu: rumfar, ƙoren, kwanakin da ta yi tana jira da yara.

Ta ce, "Baban Rifkatu, mai kallon ruwa ba ya dawowa da warin burkutu. Tun shekarar farko na sani."

"To me ya sa kika ce in kawo ki?"

"Ko an washe ba zan gani ba. Tun Ista abin da ya wuce tsawon hannuna duhu ne. So nake ka gani da idonka, ka faɗa mini gaskiya ko sau ɗaya."

Na yi kuka kamar ba dattijo ba.

Muka gangara, muka ratse inda mai masara ta kwatanta. Tun daga nesa ƙarar ruwan ta cika kunne. Na riƙe hannun Saratu muna takawa a hankali, duwatsun da santsi. A ƙasan nan gajimaren ya ɗan ɗaga. Na tsaya na kalla.

"Yaya yake?" in ji ta.

"Ba fari ba ne, Saratu. Ja ne, duk laka, kamar shayin da aka yi wa rowar madara. Ga wani reshe ya maƙale a tsakiya yana ta rawa."

Ta yi dariya har tana riƙe ciki, feshin ruwan na jiƙa mata fuska. Ta ce, "Yau dai na ga Hawan Kibo."

Haleluya!

Ba zan yi muku sabuwar ƙarya ba, idonta bai buɗe ba. Har yau in na tuna shekarun da take gani garau ina yawo da "wata rana", takaici yakan kama ni. Amma Yesu ya sauke mini kayan da na daɗe ina ɗauka fiye da doya. Yanzu ni ke ɗiga mata magani safe da yamma, in zauna ƙofar gida in faɗa mata abin da ke wucewa a titi, yadda yake, ba ƙari.

Na gode wa Allah da ya rufe dutsen nan kwana uku. Ɗan'uwa, in kana da maganar da ka binne a gida, ka dogara ga Ubangiji ka tono ta tun mai jin ta yana raye. Ga Saratu can a layin Zumuntar Mata, ku tambaye ta launin ruwan.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.