Awakin Gwaggo Hajo da Sabon Kiɗan Rediyo

Hajo: Salamu alaikum. Saminu ne?

Saminu: Wa alaikumus salam. Ni ne, Gwaggo, na ga filashinki. Ina yini?

Hajo: Lafiya lau. Ya Zariya? Ya aikin rediyon?

Saminu: Alhamdu lillahi. Ya mutanen Likoro? Ya ƙafar?

Hajo: Da sauƙi. Ya Rahama da mai sunan babanka?

Saminu: Suna gaishe ki. Gwaggo? Muryarki na yankewa.

Hajo: Bari in matsa gindin dalbejiya, nan yake kamawa. Yanzu fa?

Saminu: Ras. Af, kin ji sabon kiɗan buɗe shirinmu na Gindin Rimi kuwa? Ni na haɗa shi da hannuna a kwamfuta.

Hajo: Kai ne?

Saminu: Ni ne mana. Manaja har hannu ya ba ni.

Hajo: Ashe ɗan ƙanena ne ya jawo mini. Ina ta tsine wa mai shi, ban sani ba na gida ne. Allah na tuba.

Saminu: Subhanallahi, me ya faru?

Hajo: Ina sarewar nan da kuke sawa bayan la'asar, kafin ku fara surutun taki da iri? To shekara da shekaru, tana tashi nake zuba wa awakina dusa. Rediyon na rataye a danga. Ko suna bakin fadama suka ji ta, sai gida a guje.

Saminu: Awakin ke sauraron shirinmu?

Hajo: Sun fi wasu mutane ma. Tunda ka sa wannan abin mai kama da ana dukan gwangwani, ko kunne ba sa kaɗawa. In yi ta kira har maƙogwarona ya bushe. Jiya lambun Malam Tanko suka faɗa, suka yi wa tumatir aski.

Saminu: Kai! Ha ha...

Hajo: Dariya kake? Mai unguwa ya ce suka sake shiga, sai dai in kai su kasuwar Makarfi gaba ɗaya. Har da Ja, wadda na shayar da hannuna da uwarta ta mutu. Wallahi raina a ɓace yake.

Saminu: Yi haƙuri, Gwaggo. Ki ɗaure su mana.

Hajo: Da rani? Wa zai yi mini ciyawa, da wannan ƙafar? Ka mayar mini da sarewata kawai.

Saminu: Ai ba ni kaɗai ke yanke hukunci ba, sai an zauna. Yanzu suna ina?

Hajo: Ga su can ina hango su, sun miƙi hanyar lambun. Ja ce a gaba.

Saminu: Tsaya, ina da tsohon kiɗan a nan. Danna alamar lasifika a wayarki.

Hajo: Wacce? Mai kama da mazurari?

Saminu: Ita. Sai ki sa wayar cikin tasa, ƙarar ta fi fita. Ki ɗaga sama. Na saki.

Hajo: Ayya, ga ta nan kuwa. Har cikin raina... Ƙara mata ƙarfi!

Saminu: Iyakarta ke nan. Sun ji?

Hajo: Shiru tukuna. Ja ta tsaya. Ta ɗago kai... Ta juyo! Saminu, ga su nan a guje, har da na maƙwabta!

Saminu: Alhamdu lillahi. To Gwaggo, katina ya kusa...

Hajo: Allah ya yi maka albarka. Gobe ma bayan la'asar ka kira.

Saminu: Gobe? Lokacin ina cikin situdiyo, muna kan iska!

Hajo: To ka zaɓa, ko ka sa mini a rediyo, ko ka sa mini a waya kullum. Ka gaya wa manajan naku masu sauraro sun yi ƙorafi.

Saminu: In ce su wa?

Hajo: Ga su nan, yi magana da su da kanka. Ke Ja, cika mini zane! Ban ma kwaɓa dusar ba, ke...