Na Sa Hanci a Injin, Na Yi Ƙarya

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa. Ni ne Ishaya, mai zama a bencin baya kusa da ƙofa yana kaɗa ƙafa har wa'azi ya ƙare. Yau zan gaya muku abin da ke kaɗa ƙafar.

Lokacin korona ina aikin tura gadajen marasa lafiya a asibiti. Na hau da mutane da yawa suna magana, na sauko da su a lulluɓe. Daga baya ni ma na kwanta. Ubangiji ya tashe ni, amma cutar ta tafi da natsuwata, ta tafi da hancina. Ba ƙanshi, ba wari. Ko taya aka ƙona a gabana, sai dai in ga hayaƙi.

Ban gaya wa kowa ba, har matata Rifkatu. Na san za ta ce mu koma wurin likita, ni kuwa ko kallon gadon asibiti ba na son yi. In na shigo na ga tukunya a wuta sai in ce, “Kai, Maman Hannatu, tun daga ƙasan bene daddawar nan ta tare ni!” Shekara uku ina wannan ƙaryar.

Zama ya gagare ni. Ranar hutu in tafi filin jirgin sama na JFK da motata ɗaukar fasinja, ba don buƙata ba, don kada in zauna da kaina. Wata rana a unguwarmu, Port Richmond, na ga tsohon babur ɗin ruwa, wanda ake cewa jet ski, a kan tirela da takardar sayarwa. Zuciyata ta ce ga abin da zai fi tunaninka gudu. Kafin la'asar yana bayan gidanmu.

Na kira ɗan'uwanmu Yakubu makanike, ga shi can yana murmushi. Daga Bronx ya ce in nuna masa ta waya. Ya ce, “Ishaya, wannan tsohon inji ne, irin ƙaramin janareton gida mai shan fetur haɗe da baƙin mai. Ba a yi masa gaggawa. Zubar da tsohon fetur. Canza fulogi. Duba tankin baƙin mai da siririn tiyonsa, in ya tsage injin zai ci kansa. Caja batir. Ɗaure toshiyar baya, in ba haka ba ruwa zai cika shi. Na ƙarshe kuma ya fi duka: kafin ka tayar, ɗaga kujera ka sa hanci. In ka ji warin fetur, kada ka taɓa komai. Ko kuwa ka jira ni wani sati.”

Wani sati! Ni da minti biyar ke yi mini kamar shekara?

Asabar da safe Rifkatu ta tafi zumuntar mata, na fito da kayan aiki. Na yi duk abin da ya lissafa, har na yaba wa kaina. Sai na ɗaga kujerar, na cusa kai, na ja numfashi da ƙarfi kamar wani na kallona. Ba abin da na ji, don ba abin da zan iya ji. Yakubu ya bugo: “Ka shinshina?”

Na ce, “Na shinshina. Lafiya ƙalau.”

A hanya na cika tankin babur ɗin, na ɗauko Rifkatu a bakin coci, muka nufi inda ake sauke jiragen ruwa. Layin motoci a bayana, wani yana ta danna ham, iska na kaɗawa. Na sauke babur ɗin, na hau, na ɗaura igiyar makulli a hannu. Rifkatu ta sa rigar ceto ta hau bayana, ita da ko kogin garinmu ba ta taɓa shiga ba. Don ni kawai ta zo. Yatsana na kan maɓallin tayarwa.

Ta ce, “Baban Hannatu, mu yi addu'a.”

Na ce, “A nan? Mutane na jira fa!”

“Su jira.”

Kun san addu'ar Rifkatu, sai ta gaida kowa a sama kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta sunkuya, ta jingina goshinta a bayana, ta fara. Ni kuwa ido biyu, ƙafa na rawa, ina jiran amin in danna. Tana cikin “ka kiyaye fitarmu” sai ta katse addu'ar.

“Cire hannunka daga wurin nan,” in ji ta. “Warin fetur nake ji.”

Na ce na motocin nan ne, ai na duba da safe.

Ta ce, “Ka duba da wane hanci?”

Ta ci gaba a hankali: “Ranar da shinkafata ta ƙone ƙurmus, maƙwabta har suka ƙwanƙwasa ƙofa, kai ka shigo kana yabon ƙanshi. Tun ranar na sani. Ina jira ne ka faɗa da bakinka.”

Muka sauka, na ɗaga kujerar. 'Yan'uwa, fetur ne kwance a cikin cikin babur ɗin, yana sheƙi! Tsohon tiyon fetur ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Da Yakubu ya zo washegari ya ce tiyon ya daɗe yana tsiyaya, da safen nan ma duk mai hanci zai ji. Ya ce tartsatsi ɗaya wajen tayarwa ya isa ya tarwatsa kujerar. Kujerar da matata ke zaune a kai.

Na durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti, gaban mai danna ham da kowa, na yi kukan da na ƙi yi shekara uku. Na ce, “Yesu, na gaji da gudu. Na kusa kashe baiwarka don kada a san raunina. Ka gafarta mini, ka zaunar da ni.” Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba, kuma a karo na farko ban damu in sani ba.

Na koma wurin likita, Rifkatu na riƙe da hannuna. Na ba Fasto labarin mutanen da na sauko da su, ɗaya bayan ɗaya. Ni da Yakubu mun canza kowane tiyo, sati uku muna yi, ban mutu ba. Yanzu in na dawo daga ruwan gishiri ina tsayawa in wanke injin da ruwan famfo har ya huce.

Ba zan ƙara muku ƙarya ba: hancina bai dawo ba har yau, ƙafar ma takan kaɗa. Amma duk ranar da za mu fita, ni ke ɗaga kujera, Rifkatu ta sunkuya ta shinshina, ni kuma in tsaya in jira. Halleluya!

Na gode wa Ubangiji da ya riƙe yatsana. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai abin da ya mutu a jikinka kana yi kamar yana aiki, faɗa wa Yesu, ka faɗa wa wanda ke zaune a bayanka. Ka dogara gare shi. Jiya Rifkatu ta yi miyar kuka, na tambaye ta, “Tana ƙanshi?” Ta ce, “Sosai.” Na gaskata ta, na ci. Amin.