Turmin Inna da Jan Biro

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu, iyayena da 'yan'uwana na zumuntar mata. Ni ce Rifkatu mai ƙosai, wadda kuka sani da kaifin baki. Ku kwantar da hankalinku, yau ba faɗa ya kawo ni ba!

Shekara huɗu ina gaba da yayata Saratu, uwa ɗaya uba ɗaya. A kan me? A kan turmi. Da Inna ta rasu a ƙauyenmu wajen Aujara, na ce turminta nawa ne tunda ni ce auta. Yaya Saratu ta ce ita ta yi jinya, turmi yana nan inda yake. Na tattara kayana na dawo Dutse, na ce ni da ƙofarta har abada. Ko a biki muka haɗu sai in kau da kai.

Kada ku ɗauka na daina karanta Littafi Mai Tsarki. Ina! Kullum kafin in ɗora kasko sai na buɗe. Amma zaɓe nake yi. Zabura nake nufa kai tsaye, in nemo inda ake maganar maƙiya, in ja layi da jan biro, in ce amin da ƙarfi, fuskar yayata tana cikin raina. Allah ya gafarta mini.

Ran nan a wajen nazarin Littafi Mai Tsarki Mama Fasto ta ari littafina, ta ga jan layi ko'ina. Ta ce, “Rifkatu, maƙiyan nan naki su nawa ne haka?”

Na ce, “Ɗaya ce, Mama, amma ta kai goma.”

Ta yi dariya ta ce, “To, daga gobe ki kama Matiyu tun daga farko. Sura ɗaya kullum, ban da tsallake.”

Na fara ranar Laraba. Lahadi ta zo daidai da godiyar kaka, na cika sabuwar ƙwarya da riɗin 'yar gonata, na zauna in yi sura ta biyar kafin in fita. A nan na ci karo da koyarwar Yesu, cewa in ka kawo baiko ka tuna akwai magana tsakaninka da ɗan'uwanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Na rufe littafin. Na ce ai ita ta cuce ni. Na sake buɗewa ina neman inda aka ce sai mai laifi ne zai je, ban samu ba.

Duk da haka na ɗauki ƙwaryata na taho coci. Kuna rawa kuna kai baikonku gaba, ni kuwa ƙafata ta ƙi ɗaguwa daga bakin ƙofa. Hawaye suka zubo. Na ce, “Ya Uba, na gaji. Kayan nan ya yi mini nauyi, ka sauke mini.” Wayyo, sai na ji ƙirjina ya yi sakayau!

Na dire ƙwaryar a bayan benci, na nufi tasha. Motar Jahun, daga can acaɓa zuwa ƙauyenmu.

Na tarar da Yaya Saratu a tsakar gida tana dakan gero ita kaɗai, a turmin nan dai. Ta rame, furfura ta fito mata. Na yi sallama, na durƙusa na ce, “Yaya, ki yafe mini.”

Sai ta shiga ɗaki ta fito da wata taɓarya duk ƙura, ta miƙo mini. “Ungo, Auta. Taki ce. Tun da kika tafi ba wanda ya taɓa ta.”

Muka yi lugude muna kuka, kamar yadda Inna ta koya mana. Da muka gama ta ce in tafi da turmin. Na ce, “Yaya, in kai shi ina? Ni a Dutse inji nake kai niƙa.” Muka yi ta dariya har maƙwabta suka leƙo. Shekara huɗu a kan abin da ko wurin ajiye shi ba ni da shi!

Yanzu ina cikin Luka, kuma ban tsallake ko aya ɗaya ba. Na gode wa Allah da ya cece ni daga gaba. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, ku karanta Maganarsa har wurin da ba ya yi muku daɗi, don nan ne maganin yake. Ƙwaryar riɗin kuwa sai Lahadi ta gaba ta isa gaban bagadi, mu biyu muka riƙo ta. Ga Yaya Saratu can zaune a baya. Haleluya!