Wa Zai Riƙe Shagon Baba?

A ɗakin jira na asibitin ido, wata dattijuwa ta lura saurayin da ke gefenta ya zuba tagumi.

"Ɗana, idon ne ya dame ka haka?"

"A'a, Mama, ƙanwata na kawo. Jami'a ce ta ɗauke ni karatun aikin gona, ga shi Baba ya rasu, babu mai riƙe shagonsa."

"Allah ya jiƙansa. Mahaifiyarka me ta ce?"

"Cewa ta yi in tafi. Amma tana faɗa ta kau da kai."

Dattijuwar ta jujjuya tsohon tabaraunta.

"Ni ma tabarau na zo canzawa, karatun shari'a zan fara. Da sa'annin jikokina za mu zauna aji."

"Sai yanzu, Mama? Me ya tsayar da ke?"

"Shagon ɗinkin mahaifina. Na ce shekara guda zan riƙe."

"Yana nan har yau?"

"An rushe shi, titi ya bi ta wurin." Ta nisa. "Amma da shi ƙannena duka suka yi karatu. Don haka kada ka ce na ba ka shawara."

Aka kira ƙanwarsa, ya miƙe ya kama hannunta.