Shafin Godiya

A shagon fotokwafi, wani dattijo ya buɗe tsohuwar mujallar bincike. Matar da ke bayansa a layi ta leƙa.

"Baba, wannan maƙalar ai an buga mata hatimin janyewa."

"Ni na buga, 'yata, ni ne editan. Tsohon ɗalibina ya rubuta ta, alƙaluman cikinta duk ƙirƙira ce."

"To, me za ka yi da ƙarya?"

Dattijon ya shafa takardar. Shekara tara ke nan yana jiran ɗalibin ya kira shi.

"Shafin ƙarshe kawai nake so, ya fara yagewa. Nan ya rubuta, 'Ga malamina, wanda ya zame mini uba.' Na bincike maƙalar kaf, nan kaɗai ban sami ƙarya ba."