Tsoron da Ya Biyo Ni Daga Sansani

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Rifkatu, daga Samaru nake zuwa.

Lokacin da rikici ya tashe mu daga garinmu, maigidana bai fita da rai ba. Ni da 'ya'yana biyu, Ishaku da ƙanwarsa Saratu, muka faɗa sansanin gudun hijira. Ruwan sha sai na wani kududdufi da ake wanki a ciki, yara na bahaya a gefensa. Da bakin zanena nake tacewa.

Amai da gudawa suka shigo sansanin. Ishaku a kan cinyata ya cika, yana cewa, "Mama, ruwa." Ba ni da ruwan da zan ba shi sai wanda ya kwantar da shi.

Na zo Samaru, na kama ɗaki a gidan haya, ina yi wa ɗalibai wanki. Amma tsoro ya biyo ni. Saratu ba ta shiga ɗakin kowa, ba ta shan ruwan kowa. Maƙwabciyata Mama Asabe, dattijuwa mai sayar da kunu, ta miƙa mata kofi, na fizge na zubar a gabanta. Daga nan mutanen gidan suka bar gaishe ni. Suka ce ina zarginsu da maita. Coci ma na daina zuwa. Ranar Kirsimeti muna jin waƙa ta taga, mu biyu, ƙofa a kulle.

Wata rana da azahar zazzaɓi ya kayar da Saratu, idanunta suka juye. Na fito tsakar gida da gudu zan yi kira, sai na ga babu ƙofar da zan iya bugawa. 'Yan'uwa, babu ko ɗaya!

Na zube a ƙasa na ce, "Yesu, na kasa tsare ta ni kaɗai. Ka karɓe ta, ka karɓe ni."

Ban rufe baki ba labule ya ɗaga. Mama Asabe ce. Ba ta tambaye ni komai ba, ta goya yarinyar, ta tare ɗan acaɓa, sai asibitin Shika. Likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne.

Muna zaune a bakin gado na ba ta labarin Ishaku. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ni biyu na binne. Wannan kaya ba na mutum ɗaya ba ne."

Ita ta kawo ni wannan coci na Sabon Gari. Ga Saratu can cikin 'yan kwaya masu waƙa, mai jan ɗankwali. Halleluya!

Kewar ɗana ba ta tafi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma tsoron ya sake ni. Na gode wa Ubangiji. Idan akwai mai kuka a bayan ƙofa yau, ki kira Yesu, 'yar'uwa. Yana ji, kuma yana da wanda zai aiko. Amin.