Aljanar Rijiyar Inna Marka

Mai girma shugaban taro, Mai Unguwa, Malam Liman, iyayenmu mata, baƙinmu na Gummi da Bukkuyum, da ɗaukacin jama'ar Tungar Makau, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni dama, ni Hammadu mai ginin rijiya, in yi magana a kan kashi na huɗu na wasan ban tsoro da 'yan talabijin suka zo suka ɗauka a rijiyar Inna Marka. Na kalle shi sau shida, kuma ina da gyara.

Na farko, sun ce aljanar ta shekara ɗari uku a cikin rijiyar. Ni na gina rijiyar nan da hannuna shekara tara da suka wuce, na sauka gaba goma sha biyu, ban tarar da kowa ba.

Na biyu, ta fito daga ruwa zanenta a bushe, har da silifas. Sun kuma ce tsakar dare ne, ga kaji suna kiwo a bayanta.

Na uku, aljanar ba kowa ba ce, Halilu tela ne. Halilu, miƙe su gan ka. Na tambaye shi me ya gani a ciki, ya ce, "Baba, ai ban shiga ba, bayan rijiyar na tsuguna."

To, ku yi dariya. Amma tunda aka nuna wasan nan, yau mako uku, babu guga ɗaya da ya sauka rijiyar sai nawa na safiyar yau. Matanmu sun koma ɗibar ruwa a kududdufin da ake wanke dutsen zinariya. Jama'a, mun san ruwan nan, mun san gubar dalma, mun san abin da ta yi mana. Ni na binne 'yata Zinatu tana da shekara biyu. Abin da ke cikin kududdufi ba ya ihu, ba ya yafa farin zane, shi ya sa ba ku tsoronsa. Wallahi ni ina tsoronsa.

Inna Marka, miƙo mini kwanon nan. Ruwan da ke cikinsa, da safe na jawo shi daga rijiyar. Bismillahi.

Kun gani, na sha. Daga gobe zan tsaya bakin rijiya da guga, duk wadda ke jin tsoro ta kawo tulunta, ni zan jawo mata.

Allah ya raya mana waɗanda suka rage, ya mai da baƙinmu gida lafiya. Na gode.